Alkawarin Shekara ta 2030 da Halin da Bagwai Ke Ciki

A watan Satumba na 2015 ƙasashe 193 da ke cikin Majalisar Ɗinkin Duniya, har da tamu Nijeriya, suka amince da wani dogon alkawari da ake kira Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa. Muradun 17 ne, aka rarraba su ƙanana-ƙanana har 169, aka kuma yanke wa'adin cika su a shekara ta 2030. A cikinsu akwai kawar da matsanancin talauci da yunwa, da sa kowane yaro a makaranta, da kai ruwan sha mai tsabta ga kowane gida, da rage mutuwar mata wajen haihuwa da ta yara ƙanana.

Hausawa na cewa alkawari kaya ne. To, ga wa'adi ya ƙarato. Rahoton da Majalisar da kanta ta fitar a 2024 ya ce kashi 17 cikin ɗari ne kacal na waɗannan ƙudurori ke kan hanyar cika a duniya baki ɗaya. Idan haka lamarin yake a duniya, yaya ke nan a ƙasa irin tamu? Domin mu amsa wannan tambaya ba sai mun je Abuja ba. Bari mu ɗauki ƙaramar hukuma guda a karkarar arewacin Jihar Kano, wato Bagwai, mu auna alkawarin da ita. Gama a zauren taro ake ɗaukar alkawari, amma a ƙauye ake sanin ko an cika shi.

Ba yau aka fara ba

Mai karatu wanda ya kwana biyu a duniya zai tuna cewa wannan ba shi ne alkawari na farko ba. A 1978 aka yi babban taro a Alma-Ata ta tsohuwar Tarayyar Sobiyat, inda aka fito da taken lafiya ga kowa kafin shekara ta 2000. Shekarun 1981 zuwa 1990 aka keɓe su domin samar da ruwan sha da tsabtar muhalli. A 1990 aka taru a Jomtien ta ƙasar Tailan aka ce ilmi ga kowa. Sai kuma a watan Satumba na 2000 ƙasashe 189 suka amince da Muradun Ƙarni guda 8, masu wa'adin 2015.

Ba za a ce ba a yi kome ba. Binciken lafiyar jama'a da gwamnati kan gudanar lokaci-lokaci ya nuna cewa a 2003, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 201 ba su kai shekara biyar ba. A 2008 adadin ya sauko zuwa 157, a 2013 ya zama 128, a 2018 ya ɗan koma sama zuwa 132, binciken 2023 zuwa 2024 kuwa ya ba da 110. Wannan ci gaba ne na gaske, domin kowace lamba da ta ragu yaro ne da ya rayu a hannun uwarsa.

Amma a dubi abin da aka yi alkawari: a sauko da adadin zuwa 25 kafin 2030. Sai da aka shekara 21 kafin a rage 91. Daga 2024 kuwa ana bukatar a rage 85 cikin shekara shida kacal. Ko ɗan firamare ya yi wannan lissafi zai ga cewa da sauran aiki ja. Haka nan batun mata masu haihuwa. Alkawarin shi ne kada waɗanda ke rasa rai su kai 70 cikin kowace haihuwa 100,000. Binciken 2018 ya ba da 512, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ma ya ɗara haka nesa ba kusa ba, har ta ce a 2023 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan matan da suka rasu wajen haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa

Bagwai ba ƙasar fako ba ce. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 405, ƙidayar 2006 kuma ta ba ta mutum 162,847. Tana da mazaɓu goma, cikinsu har da Gadanya, Kiyawa, Romo, Gogori da Rimin Dako. Duk inda ka waiga gona ce ta jingina da gona, da dawa da gero da gyaɗa da wake, ga itatuwan ɗorawa da kuka tsaitsaye a tsakani. Mutanenta ba ragwaye ba ne. Da damina suna gona, da rani suna lambu ko sun tafi ci-rani.

Bugu da ƙari, Allah ya ba Bagwai abin da ƙananan hukumomi da yawa ke mafarkinsa, wato dam ɗin Watari. An kammala shi a 1980, yana kuma iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 100. Daga gare shi ake noman rani na shinkafa da tumatir da albasa da masara, masunta na samun abinci, akwai kuma matatar ruwa ta Watari da aka gina domin taimaka wa birnin Kano da ruwan famfo.

To, idan akwai ƙasar noma, akwai ruwa, akwai hannuwan aiki, me ya hana alkawarin cika? Ɗaya daga cikin muradun ya ce a ninka amfanin gona da kuɗin shigar ƙananan manoma kafin 2030. Ruwan da ke kwance a dam ba ya kai kansa gona. Sai an haƙa masa hanyoyi, an riƙa yashe su duk shekara, an gyara ƙofofin da ke sakinsa. Hanyoyin ruwan Watari sun daɗe suna fama da yashi da ciyawa da tsagewa, har sai da shirin bunƙasa noma da kiwo na Jihar Kano, wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da abokan hulɗarsa suka sa wa dala miliyan 95, ya ɗauki gyara su da faɗaɗa su. Madalla da wannan aiki. Amma shiri irin wannan yana da ranar ƙarewa. In ya ƙare, wa zai ci gaba da yashe hanyar ruwan?

Nan ne ƙalubale na farko yake: mun iya gini, ba mu iya riƙo ba. Kowane mai karatu ya san famfon tuƙa-tuƙa da aka buɗe da tafi da guɗa, bayan damina biyu ya tsaya saboda wani ɗan ƙarfe da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. A takardar ofis an rubuta cewa ƙauyen na da ruwa. A zahiri mata da yara sun koma tsohuwar rijiya.

Sannan ko an noma, sai an sayar. Lokacin da tumatir ya nuna a lambuna gaba ɗaya, kwando kan faɗi warwas, wani ya ruɓe a bakin hanya yana jiran mota. Manomin da ba shi da wurin adanawa ba shi da bakin ciniki. Ya ƙara amfanin gona, amma aljihunsa bai shaida ba.

Darasin kwale-kwalen Badau

Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani kwale-kwale da ya taso daga ƙauyen Badau zai tsallaka zuwa Bagwai ya kife a cikin ruwan Watari. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara ne 'yan makarantar Islamiyya da ke kan hanyarsu ta zuwa bikin Mauludi. Jirgin ya ɗauki fiye da ƙarfinsa. Baƙin cikin wannan rana bai tambayi addinin kowa ba. Duk mai ɗa ya ji shi a jikinsa. Gwamnatin jiha ta dakatar da sufurin jiragen ruwa a wurin bayan hatsarin.

Me ya haɗa wannan da muradun duniya? Cikin ma'aunan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara akwai guda da ke tambayar mutanen karkara nawa ne ke zaune cikin tazarar kilomita 2 daga hanyar da mota ke bi rani da damina. Wanda ya ji wannan a rediyo zai ɗauka maganar 'yan boko ce kawai. Amma mutane na cika kwale-kwale ne domin tsallaka ruwa ya fi musu kusa da sauƙi a kan zagayawa ta tudu. Kuma hanyar da yara ke bi zuwa biki ita ce mai naƙuda za ta bi da tsakar dare, ita ce malamin makaranta zai bi, ita ce buhun taki zai bi.

Wannan shi ne ƙalubale na biyu. Muradun a takarda an jera su ɗaya bayan ɗaya, amma a rayuwa a sarƙe suke kamar igiyar guga. Binciken 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne na haihuwa a Nijeriya ake yi a asibiti, a arewa maso yamma kuwa bai kai kashi 20 ba. Ba za a gyara wannan da gina ɗakin haihuwa kaɗai ba. Sai da hanya, da ungozoma ƙwararriya da za ta yarda ta kwana a ƙauye, da wuta, da ruwa, da maigidan da zai yarda matarsa ta je awo.

Ina kuɗin?

Ƙalubale na uku shi ne aljihu. A watan Afrilu na 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa kai wannan mizani ba. Abin da take warewa yakan tsaya wajen kashi 4 zuwa 6. A 2003 kuma a Maputo ta Mozambik aka ce a ba noma kashi 10. Shi ma kasafin tarayya bai kusanci wurin ba.

Dalili ɗaya shi ne kuɗin da ke shigowa baitulmali kaɗan ne in an gwada da yawan jama'a. Harajin da ake tarawa a 2021 bai wuce kusan kashi 11 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa ba, abin da ya gaza na yawancin ƙasashen Afirka. Dalili na biyu shi ne bashi. A 2005 Nijeriya ta sasanta da ƙasashen ƙungiyar Paris masu binta bashi: aka yafe mata kimanin dala biliyan 18, ta biya kimanin biliyan 12. Gwamnatin Shugaba Obasanjo ta ce rarar da aka samu, wajen dala biliyan ɗaya a shekara, za ta tafi ga Muradun Ƙarni, aka kuma buɗe ofishi na musamman ƙarƙashin Hajiya Amina Mohammed, wadda a 2017 ta zama Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Da kuɗin nan aka gina azuzuwa da ɗakunan shan magani da rijiyoyin burtsatse masu yawa a karkara. Amma ba a daɗe ba aka sake ɗaukar sabon kaya. Bankin Duniya ya ce a 2022 biyan bashi ya cinye kashi 96 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Magidancin da mai bin bashi ke jiransa a bakin rumbu, da me zai ciyar da iyali?

Su ma ƙasashe masu arziki ba su cika nasu alkawarin ba. Tun 1970 aka tsayar cewa su riƙa ba da kashi 0.7 cikin ɗari na arzikinsu domin taimakon ƙasashe matalauta. Ƙalilan ne, irin su Nowe da Denmak, suka riƙe wannan. Ingila ta rage nata zuwa 0.5 a 2021, a 2025 kuma ta sanar za ta ƙara ragewa zuwa 0.3. A 2025 ɗin dai Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, wadda ke ɗauke da babban kaso na maganin zazzaɓin cizon sauro da na cutar ƙanjamau da abincin yara masu tamowa a ƙasar nan. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ran da maƙwabci bai ɗora ba sai ya kwana da yunwa.

Jinka ɗaya, masu ɗauka uku

Ƙalubale na huɗu ya shafi tsarin mulkinmu. Gwamnatin Tarayya ce ke sa hannu a alkawari. Amma makarantar firamare da ɗakin shan magani da rijiyar ƙauye suna hannun jiha da ƙaramar hukuma ne. Wanda ya yi alkawari daban, wanda zai cika daban, kuɗin kuma sai ya bi ta hannuwa da yawa kafin ya iso.

Alal misali, dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin asusun tarayya domin makarantun firamare da ƙananan sakandare, da sharaɗin kowace jiha ta kawo nata rabon kafin ta karɓa. Shekara da shekaru biliyoyin naira kan kwanta a Abuja domin wasu jihohi ba su kawo nasu ba, alhali yara na zaune a ƙasa. Hukumar ilmi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa yara da matasa kimanin miliyan 20 ne ba sa makaranta a Nijeriya. A Jihar Kano an ayyana ilmi kyauta kuma dole a 2019, sannan a watan Yuni na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi, aka kuma ware masa wajen kashi 30 cikin ɗari na kasafin jiha. Wannan abin yabo ne. Sai dai inda za a gane amfaninsa shi ne aji: ko malami ya zo, ko yaron aji huɗu zai iya karanta wasiƙa.

Haka nan dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari domin kiwon lafiya a matakin farko, amma sai da aka shekara huɗu kafin a fara sa kuɗin a kasafi. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Hukuncin na da kyau, ko da yake aiwatar da shi ya gamu da jan ƙafa. Amma kowa ya sani ko kuɗi sun iso sakatariya, ba za su zama magani da alli ba sai da idon jama'a a kansu.

Awo ba mudu

Ƙalubale na biyar shi ne rashin ƙidaya. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Wato duk wanda ke tsara yawan azuzuwa ko allurar rigakafin da Bagwai ke bukata, ƙiyasi yake yi a kan tsohuwar lamba. Wani bincike na 2021 ya nuna kashi 57 cikin ɗari ne na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Yaron da ba a rubuta zuwansa ba, in ya rasu ma ba wanda zai rubuta. Ta yaya za a rage abin da ba a ƙirga ba?

Ga kuma ƙaruwar jama'a. Idan aka raba hekta 40,500 na ƙasar Bagwai ga mutanen da aka ƙirga a 2006, kowa zai tashi da rubu'in hekta, tun ba a cire wurin dam da gidaje da hanyoyi da burtali ba. Idan jama'a na ƙaruwa da wajen kashi 3 cikin ɗari a shekara, kamar yadda aka saba ƙiyastawa, to cikin shekara 24 sun ninka, wato daidai lokacin da wa'adin 2030 zai cika. Ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. Gandun da uba ya noma shi kaɗai, 'ya'ya biyar sun raba, jikoki za su sake rabawa. Ajin da aka gina wa yara 40 ya wayi gari da ninkin haka. Gwamnati na iya gina makarantu da gaske, amma kason yaran da ke waje ya ƙi sauka, domin ana gudu ne a kan hanyar da ke ƙara tsawo.

Ba abin mamaki ba ne da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, na fama da talaucin da ya haɗa rashin ilmi da lafiya da ruwa da muhalli. A karkara kashi 72 ne, a birane 42. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan mutane a Arewa suke.

Ana cikin haka sai tsada ta ƙara hawa kai. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, a ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Mai lambun da ke ba da ruwa da injin fetur, da mai sayen taki, da mai kai mara lafiya asibiti a kan babur, duk sun ji a jika. Abin da iyali suka tara cikin shekara goma, tsadar shekara ɗaya na iya kwashe shi.

Amma an taɓa cin nasara

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk alkawarin duniya tatsuniya ce. Manya sun san kurkunu, wadda takan kwantar da manomi daidai lokacin shuka. A 1988 an ƙirga masu ita sama da 650,000 a Nijeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya. A 2008 aka ga na ƙarshe, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da ita. Ba allura ba ce ta kore ta, ba kuma ƙwaya ba. Ƙyallen tace ruwa ne, da masu aikin sa kai a kowane ƙauye da ke kai rahoto duk wata, da manya irin su Janar Yakubu Gowon da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter waɗanda suka riƙa bin gwamnoni da ƙauyuka suna tuni.

Haka shan inna. A 2003 aka dakatar da rigakafinta a Jihar Kano saboda jita-jita da rashin yarda, kuma rashin yardar na da tushe, domin mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Cutar ta bazu har ƙasashen waje. A watan Yuli na 2004 aka koma yi, sarakuna da hakimai da masu unguwanni da malaman addini suka shiga gaba, mata masu sa kai suka riƙa shiga gida-gida. A 2014 aka ga na ƙarshe mai ɗauke da ainihin ƙwayar cutar a Jihar Kano, ranar 25 ga Agusta, 2020, kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ita, ko da yake akwai wani nau'inta da ya sa ba a daina ɗiga maganin ba. A maƙwabciyarmu Jigawa ma, a watan Oktoba na 2022 ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta daina bahaya a fili, alhali wa'adin 2025 da ƙasa baki ɗaya ta ɗibar wa kanta ya zo ya wuce ba a cimma ba.

Me ya haɗa waɗannan nasarori? Buri guda ne bayyananne wanda tsohuwa a ƙauye za ta iya faɗa da bakinta. An ƙirga, gida-gida, ba ƙiyasi ba. An ba mutanen gari aikin a hannunsu. An kuma daure shekara da shekaru ba a saki ba, ko da gwamnati ta canja. Inda aka yi sakaci kuwa an ga sakamako: annobar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha shan wahalarta, ta fi kama yaran da ba a yi musu rigakafin yau da kullum ba.

Namu rabon

Ya ku 'yan'uwa, bashin ƙasa da farashin dala ba a hannunmu suke ba. Amma akwai abubuwan da ke hannunmu, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na farko, kowane jariri a yi masa rajistar haihuwa, a kuma kammala masa alluransa har ta ƙyanda. Katin rigakafi a adana shi kamar takardar gona. Na biyu, kowace mai ciki ta je awo, maigida kuma ya tanadi kuɗin mota da wanda zai kai ta tun cikin bai tsufa ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Zumuntar mata da ƙungiyoyin matasa na iya buɗe ɗan asusu domin wannan, a taimaki duk maƙwabciyar da naƙuda ta zo mata da gardama, ba tare da tambayar inda take sujada ba. Na uku, duk famfon da ke unguwa a naɗa masa masu kula, a riƙa tara ɗan abin gyara tun bai lalace ba. Na huɗu, kowane gida ya haƙa masai. Na biyar, yarinya ta gama makaranta kamar ɗan'uwanta, domin uwar da ta yi karatu ita ce asibitin farko na 'ya'yanta. Wanda kuma zai hau kwale-kwale, in ya ga an cika shi fiye da kima, ya sauka ya jira na gaba, ya kuma faɗa da babbar murya.

Na ƙarshe, mu koyi tambaya. Akwai kwamitin iyaye a makarantu, akwai kwamitin raya mazaɓa da ke sa ido a kan ɗakin shan magani. Mu shiga, mu zauna tare da maƙwabtanmu Musulmi, domin rijiya ɗaya muke sha, hanya ɗaya muke bi. In kansila ko shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi cikin ladabi: nawa ya shigo, me aka yi da shi, malamai nawa ne a makarantarmu, yaushe ungozoma za ta zo? Tambaya ba rashin kunya ba ce. Haƙƙi ne na mai biyan haraji.

Bisa ga alkaluman da muka gani, da wuya Nijeriya ta cika yawancin waɗannan muradu kafin 2030, kuma mai yiwuwa ne a sake taruwa a sa sabon wa'adi da sabon suna. Amma yaron da aka haifa a Gadanya ko Badau a shekarar da aka ɗauki alkawarin zai cika shekara 15 a 2030. Ƙuruciyarsa ba za ta jira sabon wa'adi ba. Abin da za a yi masa, yanzu ne lokacinsa.

Allah ya ba shugabanninmu riƙon amana, ya ba mu ƙarfin yin namu. Amin.